Sawun Garma da Ya Cinye Birnin Fidela

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai ja mata layi ba, ya saukar da ruwa bai tambayi gonar wane ce ba. Shi ke ɗaga birni, shi ke kwantar da shi, ya bar mujiya tana sarauta a kangonsa.

Bayan haka, ni ne Iknan ɗan Tinsala, mutumin Tin-Azar, can ƙarshen ƙasar da Rumawa suka ci, inda duwatsu ke miƙa wa rairayi hannu. Ban taɓa zama gaban malami ba. Abin da na sani, bulala ta koya mini rabi, yunwa ta ƙarasa sauran. In kun ji matafiya suna ba da labarin birnin Fidela mai ginshiƙan farin dutse, wannan ya ce annoba ce ta ci shi, wancan ya ce mahara ne, ku ce Iknan ya ce ƙarya suke yi. Ina tsaye aka haifi birnin nan, ina zaune ya mutu, kuma da hannuna a ciki.

Tin-Azar ƙauye ne a gindin dutse: sha'ir, zaitun, awaki, da rijiya ɗaya. Muna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Ba ma jan garma daga sama zuwa ƙasa. Kewaya dutsen muke yi da kunya, kamar mai ɗaura masa ɗamara, domin ruwan dutsen nan mahaukaci ne. Yakan yi wata da watanni shiru, ranar da ya tashi kuwa hanya yake nema, in ka nuna masa ɗan tsagi ya mai da shi kogi. Wanda ya ja garma ta gangara, dattawa sukan karɓe garmar su ba shi guga, su ce tafi ka yi aikin da hankalinka ya kai.

Ina saurayi Rumawa suka zo. Ba hari suka kawo ba, da hari ne da sun ɗiba sun tafi. Zama suka zo yi. Tsofaffin sojoji ne masu furfura da tabon mashi, waɗanda sarkinsu ya yi wa alkawarin gona bayan sun gama yi masa yaƙi. Gonar da ya yi alkawarin kuwa tamu ce. Shugabansu Fabiyus Tarko, gajere, kakkaura, wuya kamar turmi, ga karyayyen hanci.

Ranar kafa garinsu aka tara mu mu yi kallo. Suka kawo farin bijimi da farar saniya, ko gashi ɗaya baƙi babu a jikinsu, suka ɗaura musu karkiya da garmar tagulla. Tarko ya ja gefen mayafinsa ya rufe kai, ya kama garma yana tsaga ƙasa, shi yana takawa ta ɓangaren ciki. Mutanensa na biye suna tsince hoge suna jefawa ciki, kada ko ɗaya ya faɗa waje. Inda za a yi ƙofa, sai ya ɗaga garmar ya yi 'yan taku da ita a kafaɗa, sannan ya sake kafa ta. Tafinta ya yi mana shela:

"Wannan sawun garma shi ne ganuwa. Gumakan Rum sun sauka a cikinsa. Ba a tsallake shi, ba a cike shi, ba a shiga gaban garma sai mai jan shanu. Wanda ya tsallake, ko wane ne, ko ɗan wane ne, jininsa ya halatta."

Muka yi ta dariya. Wace irin ganuwa ce kaza ke tsallakewa? Ba mu daina dariya ba sai da muka ga sawun ya zagaya ya haɗiye rijiyarmu.

Da la'asar Inna, mahaifiyata, ta fito da tulu. Yayata Tafuka ta riƙe mata zane ta ce, "Inna, zagaya ta ƙofa."

Inna ta ce, "Ƙofar tana ina? Ni ban ga ɗaki ba balle ƙofa. Rijiyar da kakana ya haƙa, sai na yi tafiyar fatake kafin in gaishe ta? Sake ni, ke!"

Bakina nata ne, kun dai ji. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake.

Tarko ko murya bai ɗaga ba. Yatsa ɗaya ya ɗaga. Mashin wani soja ya shiga ta bayanta ya fito ta gaba. Tulun ya fashe, wuyansa ya gangaro ya tsaya a ƙafata. Da kuka ya tashi, Tarko ya sa tafinta ya gaya mana: "Doka ba ta da ido. Da ni ne na tsallake, haka za a yi mini." Sannan suka fito mana da gawar ta ƙofa, wai matacce ba ya kwana cikin sawun garma. Muka binne ta a bakin hanya, jifa ɗaya daga rijiyar da ba ta kai ba.

Na rataya wuyan tulun a ƙirjina, maganar Tarko kuma na rataya ta inda ya fi nan zurfi.

Kashegari na ɗauki lauje na nufi tantinsa da rana tsaka, ina kiran sunansa ina zagin kakanninsa. Ban ko ga inuwarsa ba aka tumurmushe ni. Suka yi mini dukan da har yau in hadari ya haɗu bayana ke fara sani, suka sa ni a igiyar bayi. Tafuka ta bi igiyar har bakin gari, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Iknan, zuciyarka ta fi hankalinka gudu. Ƙarfinsu dai ka gani. Tafi ka koyo abin da suke tsoro."

Aka ɗaure ni a cikin jirgi ina tuƙi. Mun ratsa teku mai numfashi, wanda ke haɗiye ruwansa da safe ya amayo shi da yamma. Mun wuce tsibirin da ke hayaƙi ba wanda ya hura masa wuta. Ban mutu a jirgin nan ba saboda bakina. Na zagi mai bulala, na zagi mai ganga, na zagi kifin da ake ba mu, har sarkin jirgi ya ce gara ya yi tafiya da ɓaraka a gindin jirgi da ya yi da ni. Muna isa Rum ya rabu da ni.

Rum! Gidaje na hawan gidaje kamar awaki, ruwa na tafiya a sama bisa ƙafafun dutse, mutum ya yi yini yana tafiya bai ga gona ba, amma kowa na tauna. Wanda ya saye ni wani tsoho ne mai ido ɗaya, Sirbilu, mai kajin tsafi. Kada ku yi dariya. Rundunar Rum, wadda ta ci duniya, ba ta fita yaƙi sai an watsa wa kaji tsaba. In sun ci, a fita. In sun ƙi, a zauna.

Na ce masa, "Baba, in ana son yaƙi kuma kaji ba sa jin yunwa fa?"

Ya ce, "Sai ka hana su tsaba tun jiya, sakarai."

"To gumakan suna ina a cikin wannan?"

Ya kalle ni da idon nan ɗaya. "Suna cikin tsoron mutane. Nan ne gidansu, kuma ba mai tashinsu."

Na yi masa bauta shekaru, ina share kashin kaji ina tsotsar kansa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wata rana da giya ta sassauta masa harshe, na tambaye shi sawun garma. Ya ce, "Ɗan daji, ji nan. Barume yakan murɗa doka in yana cikin ɗaki. Amma abin da ya yi a bainar jama'a da kai a rufe, doka ce ke murɗa shi. Ko sarki ne." Ya kuma gaya mini cewa in gari ya cika ya batse, ba a ƙara masa ko taku sai an ja sabon sawu, kuma wanda ya ja na farko shi ke jan na biyu in yana da rai. Sai dai ba a yi sai da fararen shanu tas, su kuwa wuri ɗaya ake samunsu, Kwarin Farin Ruwa, bayan duwatsun arewa.

Ranar nan na share kashin kaji ina waƙa.

Da wani sarkin yaƙi zai tafi arewa, aka haɗa shi da kaji, aka haɗa kaji da ni. Muna kaiwa gindin duwatsu, ana gobe za a gwabza, na ɗura wa kajin nan tsaba har suka kasa tsayuwa. Da safe aka watsa musu, suka dubi tsaba suka dubi sarkin yaƙi, zakara ya juya masa baya. Runduna ta rikice. Na faɗi na ce, "Ranka ya daɗe, kajin nan hanya ta ɓata su. Akwai ƙauye bayan dutsen can, bari in nemo maka masu imani." Shi da kansa ya ba ni alfadari don in yi sauri. Ina jin har yanzu yana jira.

Kwarin Farin Ruwa, wanda bai gani ba zai ce tatsuniya ce. Kogi ne ke fitowa daga bakin kogo, duk abin da ya daɗe yana shansa sai ya yi fari. Hankaka fari, kura fara, jariri da furfura. Shanu kuwa kamar an zube auduga a kan ciyawa. Makiyayan wurin dokarsu ɗaya: farar dabba ba ta fita kwarin sai a hannun matsafan Rum. Akwai mashiga ɗaya tak tsakanin duwatsu, da masu gadi, su kuwa launi kawai suke dubawa.

Na zauna ina yi musu kiwo har gemuna ya yi fari, ni da ban tsufa ba. Na zaɓi ɗan maraƙi mai faɗin ƙirji na sa masa suna Alli, da 'yar karsana na kira ta Auduga. Da hannuna na ciyar da su har suka san warina. Da suka yi ƙwari, na kwaɓa baƙin tukunya da dattin man zaitun na shafe su tas, na shafe gemuna, na ɗora musu buhunan gawayi, na nufi mashiga. Ina isa gaban masu gadi, hadari ya ce ga ni. Yayyafi ya fara. Baƙi ya soma ɗiga daga cikin Alli.

Babban mai gadi ya ce, "Kai, mai gawayi, me ke zuba daga jikin sanka?"

Na ja da baya na rufe hanci. "Kada ka matso, maigida! Baƙin gumi ne. A ƙasarmu ya kashe garke bakwai, kuma farar saniya ya fi so. Na shigo ne ko ruwan koginku zai warkar da su. Bari in koma in ba su su sha."

"Ka koma ina? Fita! Fitar mana da su, la'ananne!"

Da jifa suka raka ni. Ban taɓa jin daɗin jifa irin na ranar ba.

Hanyar gida doguwa ce, ban kuwa yi gaggawa ba, don a hanyar na yi aikina. Duk inda muka sauka sai in kafa mutum-mutumi, in rufe masa kai da gefen mayafi, in cusa kanwa a ƙirjinsa. In ɗauko wuyan tulun Inna in busa, yana da wata murya kamar kukan kurciya mai mura. Alli ya koyi cewa in ya ji kukan nan, kanwa tana cikin ƙirjin mai rufaffen kai, ƙaho ne mabuɗinta. Ban taɓa dukansa ba. Na kuma koya masa abin da kowane san noma na Tin-Azar ya sani: ba a taka sawun garma, ko me ke gaba.

Da na hango Fidela sai da na zauna. Inda na bar tantuna, ga ganuwar dutse. Ga titi miƙe kamar an ja zare, ga gidan wanka mai ruwan zafi, ga dandalin wasa, ga gadar ruwa tana takowa daga nesa bisa ginshiƙai. Rijiyarmu an yi mata rumfar farin dutse, an sassaƙa sunan Tarko a kai. Mutanenmu kuwa an tura su can saman dutse, suna noman 'yan kunyoyi tsakanin duwatsu. Sai na ji labarin da na yi shekaru ina roƙon Allah in ji: an sake turo wasu tsofaffin sojoji, gari ya cika, ba gona. Tarko zai ja sabon sawu ya haɗiye dutsen duka. Fararen shanu kawai ake jira.

Na hau dutse na sami Tafuka, haƙoranta sun zube. Ta dubi gemuna, ta dubi shanun, sai da ta ga wuyan tulu ta gane ni. Maimakon sannu da zuwa ta ce, "Shekara da shekaru ka tafi, abin da ka kawo mana ke nan? Shanun da za a cinye mu da su?"

Na ce, "Yaya, ke kika ce in koyo abin da suke tsoro."

Na gaya mata dabarata. Ta murza zaitun a tafi. Can ta ce, "Na ga turakun da masu awonsu suka kafa. Daga kusurwar ganuwa, wajen rijiya, suka miƙe sak zuwa sama. Mutanen nan ba su san kwana ba."

"Tsaye za su ja garma a jikin dutse?"

"Tsaye. To in za ka yi abinka, kada zuciyar nan taka ta sa ka yi shi a ƙasa. Ka haɗiye ta har garma ta kai Maƙogwaro, inda ruwan dutse ke taruwa. Ka ji ni, ko sai na ja kunnenka?"

Na ji ta. Wannan karon na ji ta.

Na wanke shanuna na kai ƙofar Tarko. Ya tsufa, tumbi ya fito, amma wuyan na nan. Matsafin gari ya bi jikin Alli da Auduga gashi-gashi bai sami baƙi ba. Na ce kyauta ce, abu ɗaya nake roƙo, ni zan ja su, don ba sa bin kowa sai ni. Tarko ya ƙura mini ido.

"Na taɓa ganinka, tsoho?"

"Ranka ya daɗe, mu 'yan daji duk kamarmu ɗaya."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ni ma na taya shi.

Ranar ta zo, rana fes. Rumawa duka suka fito da fararen kaya, suka jeru ta ɓangaren ciki. Mutanenmu suka tsaya ta waje, nesa kaɗan, suna kallon yadda za a yanka musu ƙasa. Da hannuna na ɗaura karkiya, turken da ke riƙe wuyan Alli kuwa na sassauta shi yadda yatsa biyu za su zare shi. Tafinta ya sake shelar nan, kalma bayan kalma, har da "ko wane ne, ko ɗan wane ne." Tarko ya rufe kai ya kama garma.

Muka fara hawa. Ina gaba da igiya, ina jin numfashinsa a bayana kamar zugazugi. Muka wuce kabarin Inna a bakin hanya, hannuna ya kai ƙirji da kansa, na danne shi. Muka yi ta hawa, ƙasa na tsagewa ja wur, masu tsintar hoge na haki. Sai da bakin garma ya shiga Maƙogwaro, na ji ya ƙwaƙule dutsen da ke tare ruwa, sannan na zare turke, na koma gefe ta waje, na busa wuyan tulu.

Alli ya ɗaga kai. Ya zagayo ta gaban garma inda ƙasa ba ta tsagu ba, ya juyo ta ciki, ya ga mai rufaffen kai. Ya sunkuyar da ƙaho.

Tarko tsohon soja ne, ya san mutuwa in ta taho. Jama'a sun dare, bayansa ƙaho, gabansa sawun garma. Na rantse muku ban san mai tumbi yana tashi sama haka ba. Ya yi tsalle ɗaya ya faɗo waje, a gabana, mayafi ya zame daga kansa.

Alli ya zo da gudu, ya kai bakin sawu, ya turje. Ƙasa ta tashi. Ya tsaya cak yana huci, kofatonsa bai taɓa layi ba.

Rumawa na can, ni da Tarko muna nan, ɗan tsagin da kaza ke tsallakewa na tsakani, ba kuwa wanda ya isa ya ƙetaro ko ya bi ta gaban garma.

Tarko ya miƙe yana kaɗe ƙura. "Sa ne ya koro ni! Kun gani da idonku!"

Na ce da harshensu, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji, "Uwata ma ƙishirwa ce ta koro ta. Ku dubi san nan, ya ku mutanen Rum! Dabba ce, ta tsaya. Shugabanku bai tsaya ba."

Ya juyo. Idonsa ya sauka kan wuyan tulun, na ga ya tuna. Wuƙa na ɗamarata, shi kuwa hannunsa wayam. Wallahi hannuna ya yi ƙaiƙayi. Amma ban yi tafiyar duniya don in yi abin da lauje zai yi ba.

Na ce, "Tarko, doka ba ta da ido. Wa ya faɗa?"

Matsafin gari ya fara in-ina. Wai wataƙila, wai a wata fassarar, sawu ba ya zama ganuwa sai ya zagayo ya haɗe.

Na ce, "Madalla! Ashe ƙasa ce kawai aka tona. To ku cike shi ku koma gida, gonakin dutse na masu su ne. Ku kuma sababbin zuwa, ku koma ku gaya wa sarkinku ya ba ku gona a gidan wanka."

Nan ne guna-guni ya tashi. Mutanen nan sun ba da ƙuruciyarsu a bakin mashi don 'yar gona, ga ta suna gani. Wani mai yankakken kunne ya fito ya ce, "Gumaka sun sauka ko ba su sauka ba? Yi magana, tsoho!"

Matsafi ya dubi Tarko, ya dubi masu mashi. Ya ja mayafi ya rufe kai. Ya ce, "Sun sauka."

Tarko bai gudu ba, wannan kam na ba shi. Ya buɗe baki zai yi magana, mashi ya riga shi. Ya shiga ta gaba ya fito ta baya.

Da a nan aka tsaya da na koma gida ina rawa. Sai babban ɗan Tarko ya zabura yana ihu, kafin matsafi ya ce "kada", ya luma wa Alli takobi a gindin wuya. Alli ya durƙusa yana kallona ta ƙetaren sawu, yana jiran kanwarsa. Jini ya bi farin gashin nan. Auduga ta yi wani kuka da har yau ba na son tunawa. Na zagi yaron, na zagi uwarsa da ubansa da ke kwance, na kwashi duwatsu ina jifa, sai da Tafuka ta sa mutanenmu suka ɗauke ni cak suka hau da ni dutse. Kafin sojoji su gangara su zagayo ta ƙofa, mun shige inda doki ba ya shiga.

Da takobin nan yaron ya yanka birnin ubansa bai sani ba. Babu farin sa, babu ci gaban sawu. Aka bar garma kafe a Maƙogwaro, aka tura manzanni Rum. Tarko kuma aka binne shi a bakin hanya, domin matacce ba ya kwana cikin sawun garma, ko da shi ya ja shi. Kabarinsa na kallon na Inna.

Manzanni ba su dawo ba damina ta faɗi. Ruwan dutse ya taru a Maƙogwaro, ya ga an share masa hanya miƙe har gari, ya ce na gode. Ruwan farko, sawu ya kai gwiwa. A lokacin kwandon duwatsu kaɗan da sun tare shi, ko jikokin Tafuka sun san haka. Amma wa zai cike shi? Sun kashe uban garinsu don su tabbatar gumaka na ciki. Suka tsaya a baki da fararen kaya suna yanka masa tumaki.

Damina ta biyu, raƙumi zai shige a rasa shi. Ta gaba ta ci kusurwar ganuwa, ta haɗiye rijiyarmu da rumfarta da sunan Tarko. Ranar ban ci abinci ba, rijiyar kakanmu ce. Daga nan kwazazzabo ya kai ga ƙafafun gadar ruwa, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, gidan wanka ya bushe, kasuwa ta rabu biyu, mai gasa burodi na wannan gaɓa, masu saye na waccan. Masu hali suka ɗaure kaya suka nufi teku. Marasa hali suka hau dutse da hula a hannu, suna roƙon a koya musu noman ɗamara. Tafuka ta koya musu, bayan ta sa kowanne ya ɗebo mata ruwa. Jikokinsu na nan cikinmu, masu idon mage, ba su san ko kalma ɗaya ta Rumanci ba.

A daminar da Tafuka ta rasu, kwazazzabo ya fara lasar bakin hanya. Na ɗauki 'ya'yanta muka tone Inna, muka naɗe ƙasusuwanta a sabon zane, muka kai ta saman dutse kusa da 'yarta. Babbansu ya nuna ɗaya kabarin ya ce, "Kawu, wannan fa?"

Na ce, "Yana da 'ya'ya."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, wanda ya ƙara muku wani abu daga bakinsa ya fito. Saura ɗaya. Da hadari ya haɗu na sa aka kai ni bakin kwazazzabo, na zauna a kan karyayyen ginshiƙi, ruwa na dukana. Na ji rugugin yana saukowa daga Maƙogwaro. Gaɓa ta tsage, kabarin ya buɗe, jan ruwa ya ɗauki Tarko ya nufi gari da shi, kai tsaye ta inda ganuwa ta karye. Na ga ƙoƙon kan yana juyawa a kan kumfa, ga karyayyen hancin nan.

Na miƙe da sandata na ƙwala masa kira:

"Tarko! Zagaya ta ƙofa!"